Yadda Ake Saba Wa Zomon Gida da Yin Fitsari da Kashi a Wuri Ɗaya

Tun da aka ji cewa akwai zomo a gidana da ke yawo tsakanin falo da ɗakin yara ba tare da ya ɓata kafet ba, tambaya ɗaya 'yan'uwa suke ta maimaita mini, daga na nan Jidda har na Makka: yaya aka yi ya saba? Labarin yawancinsu iri ɗaya ne. Yara sun matsa lamba an sayo ɗan zomo a kasuwar tsuntsaye ta Khumra, an yi makonni ana sha'awarsa, sai wata rana aka wayi gari zarni ya cika gida, matasan majalisa, wato ɗakin zaman baƙi, sun jiƙe, uwargida ta ce a fitar mata da shi. Wasu har sun mayar da shi baranda ko saman bene, wanda a zafin Jidda daidai yake da yanka shi, domin zomo yana fara galabaita da zarar zafi ya kai digiri 28 zuwa 30, mu kuwa a nan 40 ba baƙon abu ba ne da rani.

Abin da ya kamata a riƙe kafin a fara shi ne, ba mutum ne yake zaɓa wa zomo wurin fitsari ba. Zomo da kansa yake zaɓar kusurwa ɗaya ko biyu ya lizimce su, aikin mai shi kuwa shi ne ya gano kusurwar, ya ajiye baho a wurin, ya sa zama a cikin bahon ya fi masa daɗi fiye da ko'ina. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su, kuma tsallake ɗaya yakan mayar da mutum farko.

1. Kayan aiki da kuɗinsu

Abu na farko baho ne na roba mai kusurwa huɗu, wanda zomon zai iya shiga gaba ɗaya, ya juya, ya zauna, kuma a sami sauran wurin zuba ciyawa. Ga ƙaramin zomo, tsawon santimita 40 da faɗin 30 shi ne mafi ƙanƙanta. Ga babba a nemi na kyanwa mai tsawon 50 ko fiye. Tsayin bakinsa ya kasance tsakanin santimita 10 zuwa 15. Ba sai an je shagon dabbobi ba, domin robar wanke-wanke ko ta ajiyar kaya da ake samu a shagunan kayan araha na Abu Hamsa tana yin aikin a kan 'yan riyaloli. A sayi biyu tun farko, za a ga amfanin na biyun.

Gargaɗi: ɗan ƙaramin fo mai kusurwa uku da ake sayarwa tare da keji asarar kuɗi ne. Zomo yakan sa ƙafafun gaba a ciki, bayansa yana waje, ya yi fitsarin a ƙasa, shi kuma a ganinsa ya yi daidai.

Abu na biyu shi ne abin da za a zuba a ƙasan bahon ya tsotse fitsari. Mafi aminci su ne dunƙulallen takarda da ake yi musamman don ƙananan dabbobi, da dunƙulallen garin katako da aka busar da wuta aka matse shi kamar abincin kaji. Na katakon ya fi arha, ya kuma fi riƙe zarni. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya shimfiɗa tsofaffin jaridu ninki biyar ko shida ya rufe da ciyawa, sai dai zai riƙa canzawa kullum ba fashi.

Gargaɗi: kada a yi amfani da yashin kyanwa mai dunƙulewa idan ya jiƙe, ko mai ƙyalli kamar gishiri, ko mai turare. Kyanwa ba ta cin yashinta, amma zomo yana ɗanɗana duk abin da ya zauna a kai, yashin kuma zai dunƙule a hanjinsa kamar yadda yake dunƙulewa a baho. Haka nan kada a je wurin kafinta a ɗebo garin katako kyauta, domin yawancin katakon da ake aikin kicin da kabad da shi a nan na matse ne mai gam da fenti, ga ƙura mai shiga hanci. Ɓarzajjen katakon itatuwan fayin da sida (pine da cedar) mai ƙamshi shi ma a guje shi, ƙamshin nasa yana taɓa hanta da huhun zomo.

Abu na uku, kuma shi ne ginshiƙin aikin, busasshiyar ciyawa ce, wato ingirici. Zomo yana ci yana kashi a lokaci guda, saboda haka inda ciyawa take nan kashi zai taru. A shagunan dabbobi ana sayar da ciyawar timoti da ake shigowa da ita daga Turai da Amurka, tana da kyau ƙwarai, amma sau da yawa kuɗin ƙaramar jaka ɗaya yakan kai kuɗin dami guda na ciyawar rudas a kasuwar dabbobi ta Khumra ko ta Ka'akiyya a Makka, damin kuwa zai yi wa zomo ɗaya watanni. Idan za a sayi rudas, a cusa hannu tsakiyar damin a shinshina: wadda take warin ruma, ko ta yi baƙi-baƙi, ko ƙura ta tashi da an girgiza ta, a bar wa mai ita.

Gargaɗi: barsim, wanda shi ne masu sayar da zomaye suka fi miƙo wa mutum, ɗan'uwan harawa ne, yana da sinadarin kalsiyam da yawa. Ya dace da ɗan zomon da bai wuce wata 6 ba, amma babban zomo idan aka ɗora shi a kan barsim kullum, fitsarinsa yakan yi kauri kamar kunu, mafitsara ta tara laka ko tsakuwa, daga nan kuma maganar baho ta rushe.

Sauran kayan su ne shingen ƙarfe mai naɗewa irin na 'yan kwikwiyo, mai tsayin aƙalla santimita 80, da farin khal na girki, wato binega, da kwalbar feshi, da ƙaramar tsintsiya da abin kwashe shara. Shingen ne ya fi tsada a cikinsu, kuma wanda yake da ɗan lungu a gida da za a iya tare bakinsa da katako zai iya haƙura da shi.

2. A taƙaita masa wuri, a jira ya nuna kusurwarsa

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne sakin sabon zomo ya zagaye gida tun ranar farko. Wuri idan ya yi masa faɗi, sai ya bi kowane ɗaki yana ajiye alama, kuma duk inda ya yi fitsari sau biyu ya zama nasa. A kewaye masa wuri kamar mita 2 a tsaye da mita 1 a kwance, a ɗakin da sanyin na'ura yake kaiwa amma iskar ba ta bugunsa kai tsaye, a kan tayil, a ɗan shimfiɗa masa tabarma ko kwali a gefe guda don kada santsi ya hana shi sakewa. A sa masa ruwa a kwano mai nauyi da kwalin da zai ɓuya a ciki.

Daga nan sai a zuba ido kwana ɗaya ko biyu. Zai zaɓi kusurwa, galibi wadda bango ya tare ta gefe biyu, inda zai iya juya baya yana kallon ƙofa. A nan za a ajiye bahon, ko da kuwa ba nan ne mai gida ya so ba. Ni na ɓata mako guda ina jayayya da nawa: na ajiye baho kusa da ƙofa don ya fi mini sauƙin ɗauka, shi kuma ya nace sai bayan akwatin kayan makarantar yara. Kullum da safe sai in tarar da baho a bushe, bayan akwati a jiƙe. Ranar da na sallama na matsar da akwatin na kai bahon wurin, ranar aka daina. Idan daga baya ana so a canza wurin, a riƙa jan bahon kamar taƙi ɗaya kowace rana har ya isa inda ake so.

Gargaɗi: kafin a kafa shingen a duba wayoyin lantarki da na caja da ke bin bangon. Zomo yana datse waya da cizo ɗaya.

3. Haɗa bahon

A zuba abin tsotse fitsari kaurin santimita 2 zuwa 3, ba a bukatar fiye da haka domin zomo ba ya binne kashinsa kamar kyanwa. A ɗauki ciyawa cikin hannu biyu a tara ta a gefe ɗaya na bahon, ko a rataya ta a ragar ƙarfe daidai saman bahon yadda ba zai iya ci ba sai ya shiga ciki. A makonnin farko kada a ajiye ciyawa a wani wuri daban. Sannan a ɗauki tishu a dangwali fitsarin da ya yi a ƙasa, a cusa shi ƙarƙashin shimfiɗar bahon, a tsinto ƙwayoyin kashi kamar goma a watsa a kai. Hancinsa ne zai gaya masa cewa nan ne wurin.

Wasu sukan ji ƙyama su ce yaya dabba za ta ci abinci a makewayinta. Zomo yakan ware gefen da yake ci da gefen da yake ɓatawa, kuma ba ya cin ciyawar da ta jiƙe. Abin da ke kan mai shi shi ne ya ƙara sabuwa safe da yamma, ya kwashe wadda ta ɓaci. A rana guda zomo yana bukatar ciyawar da tarinta ya kai girman jikinsa.

Gargaɗi: kada a shimfiɗa irin abin da ke cikin bahon a sauran wurin da aka kewaye masa ko a ƙasan kejinsa. Idan ko'ina ya zama iri ɗaya a ƙarƙashin ƙafarsa, ko'ina baho ne.

4. Kwanakin farko

Zomo ya fi kuzari a lokaci biyu: daga asuba zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i. A waɗannan lokutan yake ci, a nan kuma yake yawan fitsari, don haka wanda ya dawo daga sallar asuba ya zauna kusa da shi na minti 15 ya fi wanda ya wuni yana gadinsa da rana tsaka yana barci. Alamar fitsari a bayyane take: zai ja da baya zuwa kusurwa, ya ɗan ɗaga bindi, ya tsaya cak. Idan a cikin baho ya yi, a miƙa masa reshen kuzbara (koriyanda) ko ganyen na'ana'a nan take, tun bai fito ba. Idan a waje ya fara shiri, a tafa hannu sau ɗaya a hankali, a kora shi da tafin hannu zuwa bahon kamar yadda ake kora kaza zuwa akurki.

Duk kashin da aka gani a ƙasa a share a zuba a baho. Aikin yana da gajiyarwa a farko, domin lafiyayyen zomo yana fitar da ƙwaya 200 zuwa 300 a rana, amma busassu ne, ba su da wari, ba sa kama kafet. Fitsari shi ake fara shawo kansa, sau da yawa cikin mako ɗaya ko biyu. Kashi kuwa yakan ɗauki lokaci, kuma ko zomon da ya fi kowanne tarbiyya zai riƙa yar da ƙwaya biyu-uku a bakin bahonsa ko inda ya yi tsalle. Wanda ba zai iya jure wannan ba, gara ya sani tun yanzu.

Gargaɗi: kada a doke shi, kada a dangwara hancinsa a fitsarin, kada a ɗaga shi ta kunne. Zomo ba ya haɗa duka da laifin da ya wuce, abin da zai koya kawai shi ne tsoron hannun mutum, kuma idan ya yi wutsil-wutsil a sama ƙashin bayansa yana iya karyewa. Haka kuma kada a riƙa cafke shi a cikin bahon don a ba shi magani ko a yanke masa farce, kada kuma a jefa shi ciki a matsayin horo. Da zarar ya ɗauki bahon tarko ne, zai ƙaurace masa. A gargaɗi yara musamman a kan wannan, su ne suka fi kama shi a nan saboda a nan yake zama shiru.

5. Goge ɓarna da wanke baho

A haɗa farin khal da ruwa rabi da rabi a kwalbar feshi. Idan fitsari ya zuba a kafet, a fara danna tsumma ko tishu a kai a tsotse, ba a gurzawa, sannan a fesa ruwan khal ya jiƙa wurin, a bar shi minti 10, a sake tsotsewa, a bi da ruwa zalla. Dalilin khal shi ne, fitsarin zomo yana ɗauke da kalsiyam, shi ne farin dabbaren da yake bari kamar alli idan ya bushe, khal kuma yana narkar da shi ya kashe warin da ke kiran zomon ya dawo. Sabulu kaɗai yakan gamsar da hancin mutum ne, na zomo yana nan yana ji.

Gargaɗi: gidaje da yawa a nan daɓensu ko matakalarsu na marmara ne, khal kuwa yana cin marmara ya bar tabon da ba ya fita, mai gidan haya kuma ba zai yafe ba ranar tashi. A kan marmara a yi amfani da ruwa da sabulun wanke kwano kawai, a goge da wuri. Gargaɗi na biyu ya fi wannan nauyi: kada a taɓa haɗa khal da ruwan bilic irin su Clorox, kada kuma a zuba Clorox kai tsaye a kan fitsari, domin duka biyun suna tayar da iska mai guba, balle a ɗakin da tagoginsa suke rufe saboda na'urar sanyi.

Shi bahon, a kwashe gefen da ya jiƙe kullum, a juye shi gaba ɗaya bayan kwana biyu ko uku, a wanke da khal sau ɗaya a mako. A makonni biyun farko kada a wanke shi ƙal, a riƙa mayar da ɗan tsohon abin da ke ciki don warinsa ya zauna. A ɗaure sharar a leda a kai bola. Zuba ta a masai yana toshe bututu. Busasshen kashin kuma taki ne mai kyau ga wanda yake da tukwanen shuka, ana zuba shi kai tsaye ba ya ƙona saiwa.

Akwai masu ƙoƙarin danne zarni da turaren wuta. Hayaƙin yana damun numfashin zomo, kuma idan baho yana wari har ana neman turare, to an makara ne wajen canza shi. Idan za a turara gida, a rufe ƙofar ɗakinsa.

Tun da sai an tambaya ko fitsarin zomo da kashinsa najasa ne: a mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kanta, da ta Hambaliyya da ake bi a ƙasar nan, fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, zomo kuwa ana cinsa, Shafi'iyya da Hanafiyya suna ganin najasa ne. Ko ma wanne mutum yake bi, a naɗe darduma a ɗaga ta sama bayan salla, domin laushinta yana jan zomo, ga shi yana son tauna gezarta.

6. Faɗaɗa masa wuri

Idan ya yi kwana bakwai a jere bai yi fitsari a wajen baho ba, a buɗe shingen ya fito cikin ɗakin na rabin awa, ana kallonsa, kuma a bari sai bayan ya shiga baho ya fito. A ƙara lokacin kaɗan-kaɗan. Sai ya riƙe ɗaki ɗaya sosai sannan a buɗe masa na biyu, a ajiye baho na biyu a can, domin zomo ba ya yin doguwar tafiya neman makewayi. Idan ya koma ɓarna, a mayar da shi cikin shinge kwana uku a sake farawa. Zomaye biyu kuma baho uku suke bukata a farko.

7. Balaga da fiɗiya

A nan ne yawancin masu tambayata suke, ko da ba su sani ba. Ɗan zomo yakan yi ladabi har ya kai wata 3 zuwa 6, sannan ya balaga, komai ya rikice. Namiji yakan fara fesa fitsari a bango da labule da ƙafar mutum yana tsalle, yana zagaya ƙafafu yana wani ɗan gunji, warin fitsarin ya ƙaru. Macen takan fara tono, da cizo idan an sa hannu a wurinta, da warwatsa kashi a iyakokin ɗaki. Bambancin alama da ɓarna ta kuskure shi ne, kashin alama a warwatse yake, fitsarin alama kuma a tsaye yake a jikin abu, ba tafki a ƙasa ba.

Nawa ya fara ne ana saura kwana biyu ƙaramar salla, bayan an wanke rigunan matasan majalisa an mayar. 'Yata ce ta shigo da gudu ta ce, "Abba, zo ka ga abin da ya yi wa matashin Hajiya Kaka." Layi ne ja-ja tun daga matashin har bango, kusan tsayin gwiwata. Na ƙara baho, na ƙara khal, na mayar da shi shinge, duk a banza, sai da aka yi masa fiɗiya.

Ana yi wa namiji fiɗiya da zarar 'ya'yan marainansa sun sauko, wajen wata 4. Macen kuma ana cire mata mahaifa da ƙwai wajen wata 5 zuwa 6. Ga mace akwai ƙarin dalili, domin ciwon dajin mahaifa ya yi yawa ƙwarai a zomanyar da ta wuce shekara 3 ko 4 ba a yi mata aikin ba. Kuɗin aikin a asibitocin dabbobi masu zaman kansu ɗaruruwan riyal ne, na mace ya fi na namiji, kuma shi ne kashe kuɗi mafi girma a duk wannan sha'ani, sau da yawa ya ninka kuɗin zomon kansa. A tambayi asibiti biyu ko uku, kuma tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci ita ce ko likitan ya saba yi wa zomaye aiki, domin ba kowane mai duba kyanwa ne ya iya ba su maganin barci ba.

Gargaɗi: ba a hana zomo abinci kafin aiki. Zomo ba ya amai, kuma hanjinsa idan ya tsaya tayar da shi wahala ne. Idan aka ce a kawo shi da azumi tun dare, a nemi magana da likitan kansa, in ya nace a canza asibiti. Kada kuma a kai shi wurin mai dandaƙar awaki. Mun saba da fiɗiyar bunsuru a gida, amma a jikin zomo ƙofar da ke tsakanin ciki da maraina a buɗe take, aikin da ba na likita ba yana iya sa hanji ya zubo.

Bayan aiki kada a sa ran canji washegari. Sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin jininsa ya kwanta, kuma a tsawon wannan lokaci namiji yana iya yi wa mace ciki, don haka a raba su. A sake bin mataki na 2 zuwa na 6 daga farko. Wannan karon abin yakan yi sauri.

8. Matsalolin da suke dawowa

Gado da kujera su ne na farko. Suna da laushi, suna tsotse ruwa, ga warin mutum ya kama su, zomo kuwa yana so ya ɗora nasa a kai. Ban san dabarar da ta fi hana shi hawa ba: a rufe ƙofar ɗakin kwana, a kifa kwali ko a shimfiɗa leda mai kauri a kan kujera har wata guda.

Na biyu baƙi ne, kuma mu mazauna Jidda da Makka ba ma rabuwa da su. Duk lokacin Umarar azumi ko aikin Hajji, idan 'yan'uwa suka sauka da akwatuna da buhunan tsaraba, gidan yakan cika da warin da zomo bai sani ba, sai a ga kashi a zagaye da kayan baƙo, wani lokaci har fitsari a kan jaka. Ba lalacewa ya yi ba, iyaka yake shatawa. Kafin baƙi su iso a mayar da shi cikin shinge, a ajiye kayansu a ɗakin da ba ya shiga. Sabon kafet, ko sauya wurin kujeru, ko tashi zuwa wani gida, ko kyanwar maƙwabta da ke zama a bakin ƙofa, duk suna jawo irin wannan, kuma yakan wuce cikin mako ɗaya ko biyu.

Idan fitsari yana zuba a bayan bahon alhali zomon yana ciki, bakin bahon ne ya yi gajere, a nemi mai zurfi. Idan yana tone abin ciki yana watsarwa, a ba shi wani kwali cike da yagaggun takardu ya huce a can, a kuma ɗora raga mai laushi ta roba a kan shimfiɗar bahon. Idan yana jan bahon da haƙori yana kifarwa, a huda gefensa a ɗaure a jikin shinge. Idan kuwa kwanciya yake yi a ciki yana barci, wannan ba matsala ba ce, alama ce ta cewa wurin ya kwanta masa.

Akwai kuma wani kashi mai laushi, mai sheƙi, a cure kamar 'ya'yan inabi ƙanana, mai wari. Wannan ba zawo ba ne. Zomo yana fitar da shi ya cinye kai tsaye daga jikinsa, yawanci da dare ko da sassafe, kuma lafiyarsa tana bukatarsa. Idan ana yawan ganinsa a ƙasa ko manne a gashin bayansa, abinci mai daɗi ne ya yi yawa ko ƙiba ta hana shi lanƙwasawa. A rage abincin kanti zuwa abin da bai wuce giram 25 ba ga kowane kilo na nauyinsa a rana, a bar karas ya zama ɗan yanki jefi-jefi, a hana yara ba shi dabino da burodin tamis da biskit, a ƙara ciyawa.

9. Idan ciwo ne ba rashin tarbiyya ba

Zomon da ya yi watanni yana amfani da baho, aka yi masa fiɗiya, babu abin da ya canza a gida, sannan kwatsam ya fara jiƙa ko'ina, likita yake bukata. Alamomin da za a duba su ne fitsari ɗis-ɗis a wurare da yawa, yunƙuri ko ƙara lokacin yi, fitsari mai kauri da yashi-yashi, gashin cinyoyi da ya jiƙe ya yi rawaya ko ya zube, shan ruwa fiye da ƙima, da jan ƙafafun baya ko karkacewar kai. Waɗannan suna iya nuna ciwon mafitsara, ko tsakuwa, ko ciwon ƙoda, ko wata ƙwayar cuta da ke taɓa ƙoda da jijiyoyin zomaye. Launi kaɗai ba abin tsoro ba ne, domin fitsarin lafiyayyen zomo yana sauyawa daga fari-fari zuwa rawaya zuwa ruwan goro har ja, gwargwadon ganyen da ya ci. Abin da ake gudu shi ne ɗigon jini ko gudajinsa a cikin fitsarin, musamman ga macen da ba a cire wa mahaifa ba.

Tsohon zomo, daga shekara 5 ko 6 zuwa sama, sau da yawa ciwon gaɓɓai ne yake hana shi tsallaka bakin bahon, sai ya yi a gefensa. A yanke gefe ɗaya na robar ya rage kamar santimita 5, a goge kaifin wurin.

Gargaɗi: bayan zomo idan ya zauna a jiƙe ko kashi ya manne masa, ƙuda yana yin ƙwai a wurin, kuma a irin zafinmu tsutsa tana ƙyanƙyashewa cikin ƙasa da kwana ɗaya ta fara cin nama. A riƙa ɗaga bindinsa ana dubawa kullum. Kada a tsoma shi a ruwa a yi masa wanka. A goge wurin kawai da tsumma da ruwan ɗumi, a busar sosai. Idan an ga tsutsa, asibiti za a nufa a wannan sa'ar.

Bahon da kansa ma'aunin lafiya ne, shi ya sa nake so mai zomo ya riƙa juye shi da hannunsa ko ya leƙa kafin yara su juye. Ƙwayoyin kashi idan suka ƙanƙance, ko suka ragu, ko suka fito a sarƙe da gashi kamar carbi, hanji ya fara sanyi, a ƙara ciyawa da ruwa da ɗanyen ganye, a taje masa gashi. Idan kuwa aka yi awa 12 bai ci ba kuma babu sabon kashi a bahon, yana zaune a takure yana cizon haƙora, ba a jira gari ya waye. A sa shi a kwali da 'yar ciyawa, a kunna sanyin mota tun kafin a shigar da shi, a tafi da ɗan kashinsa na ƙarshe a leda don likita ya gani.